Maman Ilham ga amsarki: sayen gida a Maiduguri ko gini a Zariya?

Assalamu alaikum matan bariki. Maman Ilham tun jiya da daddare na ga tambayarki amma na ce bari in bari sai na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi sigina, wato takardar umarnin soja, ta fito an yi wa maigidanta fostin daga Kaduna zuwa Maiduguri ƙarƙashin rundunar soja ta 7 Dibishin, kuma dole su saki kwatan da suke ciki. Suna da miliyan 11 a hannu, na kofaretib da na adashi har da kuɗin sarƙarta da ta sayar, wani abokin aikinsa ya ce akwai gida mai ɗaki uku a can ana neman mai saye da gaggawa. Shi ne take tambaya su saya, ko kuwa su kama haya a can su sayi fili a Zariya garinsu su fara gini.

Toh ƙanwata ni dai ba zan ɓoye miki ba, Zariya na zaɓa. Amma bari in jera miki su biyun gefe da gefe don kar ki ce Anti ta yanke hukunci ba ta ji ta ɗaya ɓangaren ba.

Kafin komai ki tambayi oga wane irin fostin ne. In yunit aka kai shi wanda mazauninsa barikin Maimalari ne ko na Giwa a cikin Maiduguri, wannan ana iya tafiya da iyali. In kuwa Operation Hadin Kai ne, wato aikin yaƙi da Boko Haram, za a tura shi Monguno ko Damboa ko Gwoza, toh ke da yara za ku zauna a garin da ba ku da kowa shi kuma sai an ba shi fas zai leƙo, kinga a nan ma maganar sayen gida ba ta taso ba.

Mu fara da inda sayen gida a can ya fi ƙarfi, don yana da ƙarfinsa wallahi. Gidan gamamme ne, yau ku biya gobe ku shiga, ba jiran birkila ba faɗa da mai yashi. Haya a Maiduguri ba wasa ba ce tun da mutanen ƙananan hukumomi suka cika garin saboda rikici, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke biya ba ciniki, kuma kin san hayar ƙasar nan ta shekara ce dunƙule, ga kuɗin ejan yawanci goma cikin ɗari a kai, wani mai gidan ma ya ce sai shekara biyu. Wanda ya sayi nasa ya huta da wannan. Shi kuwa ginin Zariya baki biyu zai buɗe muku, kuna biyan haya a can kuna ciyar da gini a nan, albashin soja ɗaya. Kuma miliyan 11 a yanzu in kuka cire kuɗin fili mai kyau, da ƙyar ta kai ku lintal. Siminti da muke saye dubu 4 zuwa 5 a farkon 2023 sai da ya haura dubu 10 a farkon 2024, rodi da kwano ma haka suka bi. Don haka a maganar kuɗin yau da gobe, sayen gamammen gida ya ci wannan zagayen, ban musa ba.

Amma tambayar da nake so ki yi wa kanki ita ce, shekara nawa za ku yi a can? Ba ki sani ba, oga bai sani ba, kwamandansa ma bai sani ba. Mu a shekara 24 da na yi a aure da soja mun zauna Zariya, Jos a Rukuba, Sakkwato a Giginya, Inugu, muka dawo Kaduna, wani wurin shekara huɗu wani ko biyu ba mu cika ba. Gida kuwa ba shi da taya. Ranar da wata siginar ta fito za ku zama masu gida a garin da ke da tafiyar yini guda daga danginku, sai dai ku sayar ko ku zuba haya, kuma dukkansu biyun na ɗanɗana.

In sayarwa ce, duk dillalan unguwa sun san soja ne kuma an ba shi ranar da zai kai kansa sabon wuri, ba wanda zai taya da mutunci, jira za su yi sai kun ɗaure kaya. Sannan ki lissafa la'ada, yawanci biyar cikin ɗari lokacin saye wani biyar ɗin lokacin sayarwa, ga lauya ga kuɗin canza suna a takarda ga gyare-gyaren da kika yi da kuɗinki wanda mai saye ba ya lissafa shi. Gidan da aka riƙe shekara biyu sai tashin farashinsa ya cinye duk waɗannan kafin a fara maganar riba. In kuma haya kuka zuba, wa zai karɓo? Ɗan haya ya san mai gida yana Fatakwal ko Inugu, zai biya shekarar farko lafiya lau, ta biyu ya fara "wallahi Hajiya abubuwa ne suka tsaya", ta uku ya daina ɗaga waya. Filin Zariya kuwa ba ruwansa da sigina, duk inda aka jefa ku yana nan, ƙanin oga na iya hawa mashin ya je ya duba bayan la'asar ya turo muku hoto ta WhatsApp.

Bari in ba ki namu. Muna Sakkwato wani dillali ya kai mu wani gida ranar Lahadi, an yi masa sabon fenti har ƙamshi yake, rijiya a tsakar gida da bishiyar darbejiya, ni tuni na zaɓi inda zan ajiye gadona. Wanda ya sayar mana dattijo ne mai farin gemu, ya kawo takardar mai unguwa da shaidu biyu, maigida kwana uku kawai aka ba shi ya daidaita iyali don haka ba mu tsaya bincike ba muka biya. Wata bakwai muna ciki, ina tankaɗe a tsakar gida wata mata ta yi sallama da 'yan'uwanta maza biyu, ta zauna a kan turmi ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba, amma gidan ubansu ne, ba a raba gado ba, kuma ita ba ta sa hannu ba. Ashe dattijon babban wansu ne. Aka tafi kotun Musulunci, ana cikin shari'a aka ɗauke mu zuwa Inugu, duk zaman kotu sai maigida ya nemi fas ko ya tura wakili. Kuɗinmu ya dawo daga baya, amma a gutsure, sau huɗu, cikin shekara uku, lokacin ko rabin irin gidan ba zai saya ba. Ba wai mutanen Sakkwato ba ne matsalar, a Zariya ma ana yin haka, bambancin shi ne a Zariya kafin ki biya wata gwaggo za ta ce miki "ai gidan su wane ne, ba su raba ba". Baƙo ko da ido makaho ne.

Kuma makantar baƙo ba a kan takarda kaɗai ta tsaya ba. Kin tuna Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Fori da kewayen fadar Shehu da Monday Market har da gidan zu. Wanda ya je ganin gida da rani, an shafe bango da fenti, ina zai gane iya inda ruwa ya kai? Ɗan gari ya sani. Ni da na ji "ana neman mai saye da gaggawa" abin da ya fara zuwa raina kenan, me ya sa gaggawa, a wace unguwa. Sannan akwai maganar tsaro, gidan soja a cikin gari kowa ya san na soja ne, ranar da yake daji ke kaɗai ce da yara. A cikin bariki wannan tunanin bai dame ki ba, ga makarantar yara ga asibiti ga kasuwar mami duk a kusa. Shi ya sa ma kafin haya zan ce oga ya fara sa suna a layin kwata, ki nemi lambar magajiyar barikin, wato shugabar matan bariki, tun kina Kaduna, su suka san wa zai tashi da wane ɗaki zai faɗi.

Kar kuma ki ɗauka ginin gida aljanna ne, yana da nasa ciwon kan, sunansa dangi. Ka turo kuɗin buhu 50 a sayi 35, ka tambaya a ce ka raina mutane. Akwai wata a cikin grup ɗin nan, ba zan kira suna ba, shekara biyu suna turo kuɗi ana turo musu hoton ginin maƙwabci. Maganinsa kar ku tura kuɗi a dunƙule, ku yi gini mataki-mataki daidai da hutun oga, wannan hutun a zagaye da katanga a sa ƙofa, na gaba a fitar da fandisho, yana tsaye a kai da kansa. Siminti ku biya kai tsaye a shagon dila, magini ya riƙa ɗauka ana rubutawa. Kuma fili ba katanga a shekarun nan kamar akuya ce ba igiya, katangar ta riga komai.

A maganar takardu duk biyun hanya ɗaya ce, sai dai wani ya fi wani sauƙin bi. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, abin da ake ba mutum izinin zama ne, satifiket ɗin C of O yawanci na shekara 99, kuma in za a sayar da gida mai satifiket sai da amincewar gwamna kafin suna ya koma naku. Takardar mai unguwa ko dagaci shaida ce ta ciniki, ba ta kai satifiket ba. A Borno ofishin filaye na BOGIS ake zuwa a bincika, a Kaduna na KADGIS, izinin gini kuma hukumar tsara birane ta Kaduna, KASUPDA. Bincike irin wannan yana cin makonni, ana zuwa ana dawowa, wanda aka ba 'yan kwanaki ya kai kansa yunit ba shi da wannan lokacin. A Zariya kuwa ba wanda ke kora ku, filin da ya wuce ku wani zai fito.

Wata ta kawo maganar bashin NHF a ƙasan tambayarki. Eh akwai shi, asusun gidaje ne na tarayya da bankin FMBN ke riƙe da shi, ana cire 2.5 cikin ɗari a albashi, bashin kuma ruwansa 6 cikin ɗari ana iya biya har shekara 30. Oga ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa. Amma fa sai gida mai cikakkiyar takarda, kuma ba abu ne da ke fitowa cikin sati biyu ba, sannan ruwa ruwa ne, ku tambayi malaminku. Masu gudun ruwa suna zuwa bankin Jaiz ko TAJ, su banki ke saye ya sayar maka da riba sananniya ko ya ba ka haya har ka mallaka. Akwai kuma kamfanin sojoji na gidajen bayan ritaya, PHDL, masu rukunin gidaje na Kurudu a Abuja, ya tambaya a ofis me ke akwai na masu muƙaminsa. Duk waɗannan sun fi dacewa da gidan da za a zauna har tsufa, ba gidan da za a bari in sigina ta fito ba.

Na san abin da ke cin ranki don ni ma ya ci nawa. Mun ga matan da mazajensu suka rasu a bakin aiki, Allah ya jiƙansu, bayan ɗan lokaci dole a saki kwata, mace da yara biyar ba inda za ta dosa. Wannan tsoron ne ke sa mu ce a sayi ko ina ne, a dai samu namu. Toh amma ki ƙaddara hakan, Allah ya kiyaye, ina za ki so ki tsinci kanki, a Maiduguri ko kusa da mahaifiyarki? Ɗaki biyu da banɗaki a cikin katanga a Zariya ya fi miki amfani a ranar nan. Kuma tunda kuɗin sarƙarki na ciki, a rubuta, ko sunanki ya shiga takardar ko a yi rubutu da shaidu cewa kaso kaza naki ne, don ranar rabon gado ba wanda zai tuna sarƙa. Ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani ma ya ce a rubuta bashi.

Yaushe zan ce ku saya a can? In oga ɗan Borno ne ko Yobe, ko saura masa shekara biyu uku ya yi ritaya kuma kun yanke a can za ku zauna, ko kuna da ɗan'uwa na jini mazaunin garin da zai tsaya a kan gidan. Ko a hakan ma ku yi shekara guda tukuna a haya ko kwata, damina ta wuce a kan idonku, ku san unguwanni. Ku kuwa daga ke har shi 'yan Zariya ne, yaranku ƙanana, aikinsa da saura.

Abin da zan yi da miliyan 11 ɗin in ni ce, zan ware kuɗin hayar shekara guda da na mota da na makarantar yara in ajiye gefe kar a taɓa, don alawus ɗin tafiya ba lallai ya fito kafin ku tashi ba. Sauran a sayi fili mai takarda a Zariya a zagaye shi, abin da ya rage a zuba a bulo da rodi kar ya kwana a banki naira na cinye shi. Shi kuma abokin aikin oga ku yi masa godiya, ku tambaye shi sunan unguwar da dalilin sayarwar, ki turo min ta inbox akwai wata ƙawata matar wani sajan da ta shekara shida a Maimalari zan sa ta leƙa.