Hattara da mai tallar "moton Jamus" a zaurukan masu ƙera ƙananan motoci

Assalamu alaikum 'yan uwa masu haɗa ƙananan motocin rimot, da 'yan tsirarun cikinmu masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa. Akwai wani bawan Allah da ke yawo a zaurukanmu yana tallar ƙananan moto, wato injinan lantarki masu juya taya, yana cewa ragowar kayan wani kamfani ne daga Turai. Ni ya cuce ni, kuma da na yi magana sai ga mutum biyu sun ce su ma ya taɓa su. Ba zan kama suna ba, don sunan ma canza shi yake yi. Salon nasa ne ba ya canzawa.

Ina da wani kan jirgin ƙasa na sikelin HO, wato wanda aka rage girmansa sau 87, mai gudu a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. A cikin kayan gwanjo na tsince shi, motonsa ya riga ya ƙone. Irin waɗannan da wutar bolt 12 suke aiki. Na daɗe ina cigiya, sai ga hoton wannan mutumi: moto siriri mai ƙyalli, an manna masa sitika an rubuta Faulhaber, 12V. Duk wanda ya ɗan jima a harkar nan ya san wannan suna. Kamfanin Jamus ne, ya yi fice wajen moto marar ƙarfe a tsakiyar naɗin wayarsa, mai juyawa sumul ko a tafiyar hawainiya, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne. Shi kuwa ya ce in kawo naira 9,000 kowane ɗaya. Tun a nan ya kamata in tsaya, amma kun san hali, araha ta rufe mini ido. Na tura kuɗin guda biyu, ya ba direba a tasha, bayan kwana uku saƙo ya iso.

Kafin in biya ya turo mini bidiyo. Ya haɗa moton da batir, yana ta ƙugi, har ya manna ɗan salatif a sandar don in ga tana juyawa. Wannan bidiyon shi ne tarkon. Moto da ke juyawa a iska, babu kaya a kansa, bai nuna maka komai ba sai cewa bai mutu ba tukuna. Bai gaya maka wutar da aka ba shi ba, bai gaya maka ko zai iya jan tarago ko ɗaya ba.

Matsala ta farko, sandar ba ta cika ramin giyata ba. Ramin milimita 1.5 ne, sandar tasa milimita 1. Na yi dabara na sa mata ɗan bututu, na liƙa wayoyi da dalma, na ɗora jirgin a dogo. Ina murɗa wuta kaɗan ya zabura kamar an tsikare shi, na ƙara kaɗan sai wari, sai hayaƙi. Ko minti ɗaya bai yi ba.

Na biyun ban haɗa shi ba. Na ɓare sitikar, babu rubutun komai a jikin ƙarfen. Na auna: kauri milimita 8.5, tsawo milimita 20. Wato moton nan ne da ake kira 8520, wanda ake sa wa ƙananan jirage marasa matuƙi na wasan yara. An yi shi ne don batir ɗaya na bolt 3.7, ya juya farfela sau dubbai masu yawa a minti. Ba shi da laifi a wurin aikinsa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai da na ɗora masa mita na gane girman ta'asar: turjiyar naɗinsa, wato yadda wayarsa ke tare wutar lantarki, wajen om ɗaya ce kacal. Ku yi lissafin da kanku. Bolt 12 a kan om ɗaya, idan sandar ta cije, wutar da zai nema ta kai amfiya 12. Siririyar wayar nan ina za ta kai wannan? Moto ɗan wannan girma da aka yi don bolt 12 na gaskiya, mita za ta nuna maka om gomomi. Da na yi wannan awon tun farko, da na farkon bai ƙone ba, da kuma ina da abin nuna masa.

Abin haushin, lambar Faulhaber ta gaske tana faɗin kanta. Idan ka ga 1016, kauri milimita 10 ke nan, tsawo 16, sannan 012 a gaba yana nufin bolt 12. Sitikar tasa babu lamba ko ɗaya. Suna kawai.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mini magana, shi "Mashima" aka sayar masa, wai sabo fil, wai marar ƙarfe a ciki. Mashima na Japan ne, masu jiragen ƙasa sun daɗe suna yabonsa, amma an daina ƙera shi, kuma irin mai ƙarfe a ciki ne. Gane bambancin ba ya buƙatar kayan aiki: ka murza sandar da yatsu. Mai ƙarfe za ka ji yana ɗan cijewa daki-daki saboda jan maganaɗisu, marar ƙarfe kuwa zai tafi sulɓi. Ɗayan kuma tifa yake haɗawa, ya nemi ɗan moton da ake kira N20 mai giya wanda ke juyi 100 a minti a bolt 6, don tifar ta ja yashi a hankali. Aka kawo masa mai gudun tsiya, ga shi ba ƙarfi, taya na taɓa tudu ya tsaya. Su N20 duk kamarsu ɗaya a ido, bambancin yana cikin haƙoran giyar, shi ya sa mutumin ke samun yadda yake so.

Da na koma masa da hoton awon, cewa ya yi ni ne ban iya haɗi ba, wai na juya waya. Malam, juya waya a irin wannan moto baya kawai yake sa shi ya yi. Na faɗa masa haka, ya toshe lambata.

Don haka duk wanda zai saya a hannun wanda bai sani ba, ya ce a ɗora moton a mita a ɗauko masa hoton turjiyar, a auna masa kaurin sanda, a faɗa masa juyi nawa yake yi a minti kuma a bolt nawa. Mai kayan gaskiya minti biyu zai yi ya turo. Wannan kuwa da ka tambaya sai ya ce saura guda uku, wani na jira, ka yi sauri. Ku kuma lura, sunan da ke kan asusun da ya ba ni daban yake da sunan da yake talla da shi.

A makon jiya na sake ganin hotunan nan a wani zaure, sabon suna, sabuwar lamba, amma tabarmar roba shuɗiya da yake shimfiɗa kayan a kai tana nan yadda take. Na sanar da masu kula da zauren. Wanda ya ci karo da ita a wani wurin, don Allah shi ma ya sanar.