Mai buga fosta da ya hana mu ɓarnar kuɗi a zaɓen fidda gwani

Tunda an fara kaɗa gangar siyasa, bari in ba ku labarin wani shagon buga takardu a Tudun Wadar Kaduna, inda muka kai aikin yayana a 2022, lokacin da ya nemi tikitin majalisar jiha.

Shekarar ta zo da gurabe. Malam Nasir El-Rufai na kammala zango na biyu, tsarin mulki bai ba gwamna damar na uku ba. Uba Sani zai bar kujerar Sanatan Kaduna ta Tsakiya yana neman gwamna, na ƙasa kuma kowa ya ɗaga kai yana hangen ta sama da shi. Yaya ya ga ƙofa, ya sayi fom naira miliyan 2 a APC, ya ce min, "Kai za ka riƙe mana harkar fosta."

Na je da niyyar buga dubu biyar. Mai shagon, dattijo mai tabarau a goshi da tawada har gwiwar hannu, ya dube ni ya ce, "Alhaji, 'yar tinƙe za ku yi ko daliget?" Na ce daliget. Ya ce, "To bango ba ya kaɗa ƙuri'a." Ya ɗauko biro ya yi min lissafi a bayan wani rasit: wakilai biyar daga kowace mazaɓa, ka ninka da yawan mazaɓunku, su ke nan masu zaɓen. Ga shi sashe na 84 na dokar zaɓe ta 2022 bai sa manyan da a da ke zaɓe saboda muƙaminsu cikin daliget ba, majalisa ta yi gyara amma Buhari bai sa hannu ba. Ya ce in buga fosta ɗari biyar don kada a ce ba mu fito ba, sauran kuɗin a yi kalanda da hula da littafin rubutu, abin da zai shiga ɗakin daliget ya zauna. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki da bakinsa ba sai ranar.

Aikin kuwa ya yi kyau. Takarda mai kauri, launi bai zuba ba, duk da ruwan farkon damina ya doke ta a bangon Kasuwar Barci. Hoton Yaya dai yaron kwamfuta ya goge shi har ya fi ni ƙuruciya, Umma ta ce ba ɗanta ba ne.

Inda suka ɓata min rai biyu ne. Sun ce kwana uku, sai da na yi mako ina sintiri, domin duk sanda aikin wani mai neman sanata ya shigo sai a ture namu gefe, wuta ta ɗauke kuma a ce ana jiran man janareta. Sannan rubutunsu ba ya da ƙugiya. Mun rubuta "ɗan ƙasa na gari", ya fito "dan kasa na gari", kamar muna tallan maciji. Da na nuna, sun sake buga kalandar kyauta, fostar kuwa haka muka manna.

Wani abu da ya ba ni dariya, tambarin jam'iyya a kusurwa shi kaɗai suke ajiye shi. Na tambayi yaron dalili, ya ce, "Yallaɓai, wasu bayan firamare sukan dawo a canza musu."

Mu ba mu koma ba. Ana gobe zaɓe dattawa suka zaunar da Yaya kan maslaha, ya janye. Da na bi son raina, da yanzu ina da fosta dubu huɗu a ƙarƙashin gado. 'Yan ragowar na ba mai ƙosan layinmu.

In za ka kai musu aiki, ka ba da rabin kuɗi kawai, ka ƙara kwana huɗu kan ranar da suka faɗa, kuma ka zauna gaban kwamfutar ka karanta harafi-harafi kafin a kunna inji.