Okapi, Opinel, Victorinox ko 'yar Caina: wacce za ka saya wa Baba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ƙanenmu na unguwar Aboabo a Kumasi ya kawo tambaya: mahaifinsa na son 'yar wuƙar aljihu, kuma Okapi ya ambata, irin ta Jamus da ya sani tun yana saurayi. Da yaron ya shiga kasuwar Kejetia, Okapin da ya samu an buga mata sunan Afirka ta Kudu, sauran kuma 'yan Caina ne, har da wata ja mai tambarin Victorinox da aka sallama masa da araha. Yana so ya san ko ta Afirka ta Kudun jabu ce, kuma ko gaskiya ne duk wuƙar Caina ba ta da kirki.

Ƙanena, Baba bai yi kuskure ba, kai ma ba a cuce ka ba. A birnin Solingen na Jamus aka fara ƙera Okapi a 1902, kuma tun farko don kasuwar Afirka aka yi ta. A 1988 aka sayar da sunan da injinan, aikin ya koma Afirka ta Kudu, yankin KwaZulu-Natal. Saboda haka wadda ka gani ita ce Okapin wannan zamani. Wanda ya nuna maka sabuwa fil a kwali ya rantse maka daga Jamus ta fito, shi ya kamata ka yi wa kallon tsaf. Ta Jamus ta ainihi sai dai tsohuwa, a hannun dattawa ko wajen masu kayan gwanjo.

Okapi baƙin ƙarfe ce, ƙotar katako, da zoben nan da ake ja kafin ta ninke. Ba ta zuwa da kaifin kirki daga shago, sai ka zauna da ita a kan dutsen wasa. Amma in ta ɗauki kaifi tana aiki, kuma ko ta dakushe, shafa biyu uku ta dawo. Aibinta tsatsa. Ka yanka lemu ko abarba da ita ka mayar aljihu ba ka goge ba, da safe za ka ga ta yi ja. Dattawanmu sun san maganin: a goge, a shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗe. Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba. Sunan Okapi ya ɓaci saboda yaran da ke faɗa da ita, kuma dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Dattijo mai ɓare goro a ƙofar gida daban, matashin da aka tsayar da dare a Asawase da doguwar Okapi a ƙugu daban. Ka zaɓi ƙarama.

Opinel ta Faransa ita ce 'yar'uwarta ta kusa, kuma a wajen yanka ta fi ta. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, har yau kuma a Chambéry ake yin ta. Ruwanta siriri ne, shi ya sa take ratsa albasa da nama da doya ba tare da ka danna ba, kuma da kaifinta take zuwa. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita aka fi saye. A wuyanta akwai zobe da ake murzawa ya kulle ruwan, wanda suka ƙara a 1955. Tana da iri biyu, baƙin ƙarfe da marar tsatsa, kuma mu nan marar tsatsar ta fi dacewa da mu. Matsalarta a Kumasi ita ce ƙotar. Katako ne, in ya sha laima sai ya kumbura ya riƙe ruwan wuƙar, ka yi ta fama da farce ba ta buɗe ba. Da damina wannan zai faru, musamman in ana wanke ta cikin ruwa. Ana buga gindin ƙotar a kan tebur ruwan ya leƙo, in hunturu ya shigo kuma ta saki da kanta. Ga mai ƙarfin yatsu ba komai ba ne, amma ka yi tunanin hannun Baba.

Victorinox kuwa wata aba ce daban. Karl Elsener ya kafa kamfanin a Ibach ta Suwizalan a 1884, kuma a 2005 suka saye abokin gasarsu Wenger. Wuƙaƙensu na aljihu a Suwizalan ake ƙera su. Ƙaramar da ake kira Classic milimita 58 ce kawai, da ɗan almakashi da abin gyaran farce, tana shiga cikin makullai. Ba ta tsatsa da wuri, ba ta tsorata kowa, almakashin nan kuma za ka yi mamakin yawan amfaninsa: zare, farce, gashin baki, ledar magani. Amma ba wuƙar fiɗa ba ce, ba ta feraye rake ba ce, kuma ƙananan ba su da makulli, in ka matsa ta ta baya za ta ninke a kan yatsanka. Wadda aka yi maka araha a Kejetia, ina kyautata zaton jabu ce. Ta gaske tana da sunan kamfanin a buge a gindin babban ruwan, rubutu tsaf, kowane ƙarfe yana buɗewa sumul ya rufe da ƙara, almakashin yana yanka takarda har bakinsa. Jabun tana girgiɗi, almakashinta yana tauna takarda.

Sai maganar Caina, wadda ita ce asalin gardamar. Yawancin zafin da kuke ji a bidiyon masu sharhin wuƙa daga Amurka yake zuwa, kuma suna da dalilinsu. Kamfanin Schrade, mai wuƙar Old Timer, ya rufe masana'antarsa ta Ellenville a jihar New York a 2004, ma'aikata suka rasa abinci, wani kamfani ya sayi sunan ya koma ƙera ta a Caina. Mutumin da kakansa ya riƙe Old Timer, in ya ga sunan a kan wuƙar da ba garinsu ta fito ba, dole ransa ya sosu. Shi ya sa wasunsu ba sa sayen komai sai wuƙaƙen da har yau a Amurka ake ƙera su, irin Case ta garin Bradford ko Buck 110 da ake yi a jihar Idaho. Wannan kishin aikin 'yan ƙasarsu ne, kuma ina girmama shi. Amma mu a Zango, Jamus da Faransa da Amurka da Caina duk ƙetare ne. Ko wacce ka saya, ba maƙerin Kumasi ne ya ci kuɗin ba. In kishin gida ne, to wajen maƙeranmu za mu je, su da ke yi wa mahauta da masu cincinga (tsire) wuƙaƙe da ƙarfen sifirin ɗin mota, wuƙaƙen da ke aiki daga asuba har dare. Illa dai su masu kube suke yi, ba masu ninkewa ba.

Kuma kalmar 'yar Caina ta haɗa abubuwa uku da ba su yi kama ba. Akwai wadda babban kamfani ya ba da aikinta can yana sa ido: Spyderco ta Amurka tana ƙera wasu a gida, wasu a Japan, Taiwan da Italiya, samfurinta Tenacious kuma a Caina, kuma ba ta ɓoye ba, a jikin ruwan take rubutawa. Akwai ta kamfanonin Caina masu sa sunansu na kansu, irin Civivi ta birnin Yangjiang, garin da ya shahara da ƙera wuƙa, da Sanrenmu. Waɗannan suna da suna da za su kare, kuma aikinsu na da kyau ƙwarai a kan kuɗinsu. Sai ta ukun, wadda ta cika tiren masu talla: marar suna, ko mai sunan sata, ƙarfe mai sheƙi da ba a gasa shi yadda ya kamata ba, ƙota da zanen macizai da damisa. Ita ce ta ja wa sauran zagi, kuma ita ce mai haɗari, domin makullinta na iya saki kana tsakiyar aiki. Abin da ke sa wuƙa ta riƙe kaifi shi ne irin ƙarfen da yadda aka gasa shi aka tsoma, sai kuma ko akwai kamfanin da zai ji kunya in ta lalace. Mu kanmu muna da shaida a gida. Addar Crocodile sunan kamfanin Ingila ne, Martindale, amma a Tema ake ƙera ta, kuma manoman koko ba su daina nemanta ba don ta bar Ingila.

In ka koma kasuwa, ka buɗe wuƙar ka kama bakin ruwan da tsumma ka girgiza hagu da dama, kada ta yi wasa. In mai makulli ce, ka danna bayan ruwan a hankali, yatsunka nesa da hanyarsa, ka ga ko za ta saki. Ka rufe ta ka duba ko tsinin ya shige cikin ƙota gaba ɗaya, don wanda ya leƙo shi ke yaga aljihu da yatsa. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka bar masa kayansa.

Ga Baba, ka saya masa ƙaramar Okapi ta Afirka ta Kudun, ka kai a wasa ta kafin ka miƙa masa, ka kuma gaya masa labarin komawar kamfanin don kada ya zaci ka kawo masa jabu. Hannunsa ya riga ya san zoben. In aikinsa bai wuce goro da farce da buɗe leda ba, Victorinox ta gaske daga shagon da za ka iya komawa ta fi masa sauƙi. Kai kuma in kana son taka ta aikin yau da kullum, Opinel marar tsatsa ko 'yar Caina mai sunan kamfaninta na gaskiya duk za su ishe ka. In Allah ya kira Baba aikin Hajji, ka tuna masa ya sa ta cikin babbar jaka, domin a jakar hannu za a karɓe ta a filin jirgi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi maka albarka.