Na'urar auna zafi ta goshi a barga: tana gano kofaton da ƙusa ta taɓa?

Na'urar nan mai kama da bindiga da aka riƙa haska wa mutane a goshi lokacin korona yanzu ta shiga bargar dawakin da ake sa wa takalmin ƙarfe. In doki ya tashi da ɗingishi bayan an buga masa takalmi, sai ka ga yaron barga yana haska kofato ɗaya bayan ɗaya. Tana da amfani, amma bai kai yadda ake zuzuta ta ba.

Da farko, don jikin mutum aka yi ta. Kofato sau da yawa bai kai goshi ɗumi ba, sai ta rubuta Lo, wato zafin ya yi mata ƙasa, ta yi shiru. Dole a mayar da ita ma'aunin kaya, wanda ake auna ruwa ko madarar jariri da shi; wadda ba ta da wannan maɓallin, kada ma a saye ta. Lambar da ta bayar ita kaɗai ba ta nufin komai, kwatanci ake yi: dama da hagu, wuri ɗaya, ƙasa kaɗan da inda gashi ya haɗu da kofato. A auna da asuba, a inuwa, kofato a goge a bushe. Dokin da ya yini a turke kan rairayin Katsina a watan Afrilu, duk ƙafafunsa huɗu zafi za su nuna.

Ko ta nuna ƙafar, ba za ta faɗi dalili ba, nan kuwa aikin yake. A ɗora yatsu biyu a bayan gaɓar da ke saman kofato a ji bugun jijiya. A lafiyayyen doki da ƙyar ake jin sa. In yana harbin yatsa, akwai ciwo a ciki. Sai a ɗaga ƙafar a bi gefen takalmin da awartakin gwaji, ana matsa kan kowace ƙusa, ko a ƙwanƙwasa su da ƙaramar guduma. Inda ya fizge, nan ne. Ƙusar da ta huda nama nan take doki ke nunawa, wani lokaci har da jini. Wadda ta raɓi naman kawai tana matsa shi, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ɗingishi ya fito. A zare ƙusoshin ɗaya-ɗaya ana dubawa: wadda ta fito da danshi baƙi mai wari, mugunya ta taru. In babu ƙusar da ta yi laifi, a duba ko an fere tafin da yawa, ko takalmin ya zauna a kan tafi maimakon bangon kofato.

In ƙusa ce ta yi laifi, a cire takalmin, a jiƙa kofaton a ruwan ɗumi da gishirin Epsom minti 15 zuwa 20, safe da yamma, a ɗiga aidin a ramin, a naɗe da tsumma mai tsabta. Allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki, ba a jinkirta ta, doki na cikin dabbobin da ciwon ya fi kamawa.

Wuri guda da na'urar ke ruɗin mutum: ƙafafun gaba biyu sun yi zafi daidai, lambobi sun zo ɗaya, sai a ce lafiya lau. Alhali in dokin ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina nauyi a baya, kumburin cikin kofato ne, wanda yawan dawa ko masara kan jawo, musamman in ana ɗura wa doki hatsi gab da hawan salla. Wannan ba aikin mai buga takalmi ba ne. A ɗauke hatsin, a tsayar da ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a kira likitan dabbobi a ranar.