Fus'ha ko Ammiyyar Masar: wanne za ka biya wa kuɗi kafin ka sauka Alƙahira

Ɗan'uwa mai shirin tafiya Alƙahira karatun likitanci nan da wata huɗu, wanda ya ce ya yi Islamiyya har ya sauke amma kuɗin kwas ɗaya kacal gare shi, ko na Fus'ha, wato Larabcin littafi, ko na Ammiyya, wato Larabcin da ake magana da shi a gida da titi: Allah ya sanya albarka a tafiyar. Ka biya na Ammiyyar Masar, kuma kar ka raba kuɗin gida biyu.

Fus'ha dai ba a raina ta. Da ita za ka karanta sanarwa, ka cike takardar izinin zama a ofishin jawazat, wato na shige da fice, ka fahimci huɗubar Juma'a. To amma wanda ya sauke, ya kuma ɗan taɓa Ajurumiyya, ya riga ya mallaki rabin abin da kwas na wata huɗu zai ba shi, sai dai ya biya a sake koya masa mubtada da habar. In ka ji kana da giɓi a nan, malamin unguwa zai biya maka littattafan Madina ɗin nan guda uku bayan Magariba. Karatun likitanci kansa da Turanci ake yin sa a jami'o'in Masar. Abin da ba ka da shi kunne ne, kuma shi ba a samun sa a littafin nahawu.

Misirawa suna da wata tsohuwar zolaya: baƙo ya tare mota ya rangaɗa wa direba Fus'ha da cikakken li'irabi, direba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce "sadaƙallahul azim". Za a gane ka, wannan ba shakka. Matsalar tana wajen amsar da za a mayar maka. Ka ce "uridu an anzila huna", za a sauke ka, amma wanda ya ce "ala gamb yasta", wato tsaya a gefe direba, shi ne direba zai juyo ya kalla da murmushi, har wani fasinja ya tambaye shi daga ina yake. Bamisire yana son baƙon da ya kama harshensa, nan take zai ce maka "inta ba'et masri", wato ka zama ɗan gida, kuma daga ranar farashin mai tumatir ma yakan sassauta.

Bambancin ba na lafazi kaɗai ba ne, shi ya sa ɗalibin Islamiyya yake ruɗewa a makon farko. Abu huɗu ne suke sauyawa lokaci guda.

Na farko haruffa. A bakin ɗan Alƙahira ƙaf (ق) hamza ce: ƙalb ya koma 'alb, ƙahwa ta koma 'ahwa, huƙna wato allura ta koma hu'na. 'Yan kalmomi ne suka tsira, irin su Ƙur'an da Alƙahira kanta da kalmomin ilimi. Jim (ج) kuma ga ce: gamil, gum'a, gineh. Sa mai ɗigo uku (ث) takan zama ta a kalmomin yau da kullum, ta zama sin a kalmomin karatu: talata, amma masalan. Sakamakon haka kalmomi suna haɗewa. Alƙalami 'alam ne, zafin ciwo 'alam ne, mari ma 'alam ne, sai jimla ta raba gardama.

Na biyu kalmomin da aka fi amfani da su duk an musanya su. Babu mai ce maka maza (me), uridu (ina so), al'ana (yanzu), kaifa (yaya). Eh, ayiz, dilwa'ti, izzai za ka ji, kuma kalmar tambaya a ƙarshe take zuwa: "ayiz eh?", "rayih fen?". Na uku ginin fi'ili: bi a gaba don abin da ake cikin yi, ha don abin da za a yi, baktib da haktib. Korewa kuma tana rungume fi'ili ta gaba da baya da ma da sh. Na huɗu, wanda ya fi wahalar da kunne, haɗiye wasula da manne kalmomi. "Ma ƙultu laka" kalma uku ce a Fus'ha. A titi kalma ɗaya ce, ma'ultilaksh, kuma cikin ƙiftawar ido za ta wuce ka. Kana da kowane ɓangare nata a ka, amma ba ka taɓa jin su a dunƙule ba.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta mako 88, wajen awa 2,200 a aji, kafin mai jin Turanci ya ƙware a Larabci, alhali Faransanci bai wuce mako 30 ba. Wannan lissafin kar ya tsorata ka, ba da Bahaushe aka yi shi ba. Dogon wasali da gajere, da shadda, waɗanda suke cinye wa Bature watanni, muna da su a bakinmu tun yarinta. Ƙidayarmu ma ta fi kusa da ta Masar a kan ta Fus'ha: talatin, arba'in, sittin, tamanin, kusan haka za ka ji su a kasuwar Ataba. Sai dai tarko ɗaya. Mu goma-goma muke fara faɗa, su kuma ɗaiɗai. Khamsa wi talatin 35 ne, talata wi khamsin 53, kuma kunnen Bahaushe yakan cafke kalmar farko ya yanke hukunci. Ka sa malaminka ya riƙa jero maka lambobi ashirin a ƙarshen kowane darasi kana rubutawa, har ka daina juya su a ka.

Inda muke faɗuwa daban ne. Muna tattara ha uku (ح خ ه) mu mayar da su ɗaya, sai hal da khal, hali da kawu, su zama abu guda. Ain takan koma hamza. Sodi da sin ba ma raba su, ga shi sef takobi ne, da sodi kuma bazara. Lodi mun saba mayar da shi lam, kamar a Ramalan da larura da alwala, wanda a can ba wanda zai gane. Sannan muna ɗora karin sautin Hausa a kan kalma maimakon mu danna gaɓar da ya kamata. Ɗan Alƙahira gaɓar tsakiya yake dannawa a madrasa da maktaba, mad-RA-sa, kuma wannan dannawar ita ce take sa magana ta yi kama da ta ɗan gari ko da kalmominka kaɗan ne.

Ga yadda wata huɗun zai ishe ka. Darasi uku a mako, awa ɗaya-ɗaya, da malami mai rai wanda zai katse ka ya gyara, ya kama awa 48 a mako 16. Wannan kaɗai ba ya isa. Kullum ka ware minti 30 na sauraro, amma ba zama gaban fim na awa biyu ba, wannan nishaɗi ne. Ka yanki minti ɗaya daga wata hira a YouTube, ka saurara sau uku ba tare da rubutu ba, ka rubuta abin da ka ji, ka rage gudu zuwa 0.75 ka sake saurara, sannan ka bi bakin mai maganar kana maimaitawa da ƙarfi, ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta. Wata na farko gaisuwa, ƙidaya, lokaci, ciniki da mota. Na biyu fi'ili da korewa. Na uku da na huɗu ka matsa wa malamin ya koya maka harshen majinyaci, domin ranar da aka fara kai ku ɗakin marasa lafiya tsohuwa ba za ta ce "ash'uru bi alamin fi baɗni" ba. "Batni bitiwga'ni" za ta ce. Zazzaɓi sukhuniyya ne, jiri dokha, amai targi', tari kuhha, ƙwayar magani birsham, takardar magani rushitta. Kuma ka koyi yadda matasa suke rubutu a WhatsApp da haruffan boko da lambobi: 3 ain ce, 7 ha ce mai fitowa daga maƙogwaro, 5 kha, 2 hamza. Sanarwar 'yan ajinku da yawa haka za ta zo maka.

Littafi ɗaya ya isa. Jerin Kallimni Arabi na Samia Louis, wanda maɗaba'ar Jami'ar Amurka da ke Alƙahira ta buga, shi ne nawa ya yage don amfani, amma sai da sautinsa. Littafin Ammiyya ba sauti kamar rediyo ne ba batir.

Maganar rarrabe lafazi kuwa, ba sai ka koyi kare-karen harshe biyar ba. Alƙahira cike take da baƙi: Siriyawa sun yi yawa a birnin Sitta Oktoba tun bayan 2011, Sudaniyawa sun ƙaru ƙwarai a unguwar Faisal bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ga 'yan Yaman masu zuwa asibiti, ga ɗaliban ƙasashen Gulf. Haruffa biyu za ka sa wa kunne, ƙaf da jim. Hamza da ga: ɗan Alƙahira. Hamza da jim mai laushi irin ta Faransanci, da ƙarshen kalma mai karkata zuwa e kamar madrase: ɗan Sham, Dimashƙa ko Bairut. Ƙaf ta zama ga, jim ta tsaya jim: Saudiyya, ko Sudan, ko Sa'id wato kudancin Masar. Wannan na ƙarshe ka kula da shi sosai, domin manyan asibitocin koyarwa irin Ƙasrul Aini suna karɓar majinyata daga kudu. Ga a bakin ɗan Alƙahira jim ce, a bakin Basa'ide ƙaf ce, shi zuciya galb zai ce. In kuma ka ji kaf ta koma ca, kifi ya zama simac, to Iraƙi ne ko Kuwaiti ko maƙwabtanta na Gulf, kuma a Kuwaiti da Daular Larabawa jim takan koma ya, masjid ya zama masyid.

In haruffa ba su raba maka ba, jira kalmar "me" ko "ina so". Eh da ayiz Masar. Shu da biddi Sham. Esh da abgha Jidda da Makka. Wesh da abi Riyad. Shinu da dayir Sudan. Ɗan Maroko ba sai an gwada ba, zai haɗiye gajerun wasula har ka rasa inda kalma ta fara, ya ce bghit (ina so), ya ce daba (yanzu), ya jefa Faransanci a tsakiya. Misirawa kansu sukan sha wuya da shi, don haka kar ka zargi kunnenka. Wanda ya taso kusa da Larabawan Shuwa a Borno ko ya zauna Cadi zai ji Basudane da sauƙi fiye da sauranmu.

Wasu kalmomi kuma suna nan ko'ina amma ma'anarsu ba ɗaya ba. Esh burodi ne a Masar, shinkafa ce a Kuwaiti, tuwo ne a Cadi. Laban madara ce a Alƙahira, a Sham kindirmo. Mabsut mai farin ciki ne a Masar, a Bagadaza wanda aka lakaɗa wa duka. Afiya, wadda daga ita muka samo lafiya, a Maroko wuta ce. Sannan Larabcin nan da alhazanmu da 'yan kasuwa suke dawowa da shi, irin su "ana fi ruh", "inta fi kalam", ba Larabcin Saudiyya ba ne, gwamutsin da ake yi da ma'aikata baƙi ne. Kar ka kai shi Masar.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: masu sayar da kwas sun yi yawa a Facebook da Telegram, kuma da dama cikinsu ba su da tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai sa ka iya Larabci cikin kwana 30, ka wuce. Na taɓa sayen irin wannan, tarin jimloli ne aka kwafo daga littattafan da ke yawo kyauta. Akwai masu buga kwafin littafi su sayar a kuɗin na asali, ka je gida ka tarar ba sauti. Akwai masu haɗa maka kwas da alƙawarin biza da masauki su nemi fasfo ɗinka, kar ka ba kowa fasfo saboda darasin harshe. Takardar shaidar da suke ɗagawa ma ba ta da amfani gare ka, majinyaci ba ya duba ta. Kar ka biya fiye da wata ɗaya a gaba, kuma ka nemi darasin gwaji kafin ka tura ko sisi.

Wanda ya fi yawa shi ne mai tallar "Ammiyya" kawai ba tare da ya ce ta ina ba, ka yi wata biyu kana haddace Larabcin Jidda ka sauka Alƙahira da shi. A darasin gwajin ka ce ya faɗa maka "ina son gahawa yanzu" yadda zai faɗa wa mai shayi. In ya ce "ayiz 'ahwa dilwa'ti", ku ci gaba. In ya ce "abgha gahwa dahhin", ka yi masa godiya ka riƙe kuɗinka.