Manhajar ajiye bayanan marasa lafiya: wacce ta dace da ƙaramin asibiti?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar ɗakin kati da safiyar Litinin ya san abin da ke tura masu asibiti neman kwamfuta. Uwa ta zo da yaro jiki zafi rau, katinsa ya ɓata a gida, mai kati yana ta birkita folda, ga yara biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. A ƙarshe a buɗe masa sabuwar folda, likita ya duba shi ba tare da sanin an taɓa ƙara masa jini ba. Ni nake kula da harkokin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, gado 14, kuma sau biyu muka kafa manhaja. Ta farkon ta ƙona mu, shi ya sa zan yi dogon bayani a kan abin da wasu za su ga kamar ƙarami ne.

Tun daga farko zan faɗi zaɓina: Bahmni, a kan kwamfutar da ke cikin ginin asibitinka.

Bahmni manhaja ce ta kyauta, ba a biyan kuɗin lasisi, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Kamfanin ThoughtWorks ne ya fara haɗa ta saboda wani asibitin karkara a Indiya, inda wuta da intanet ba su da tabbas kamar namu. An gina ta ne a kan wata manhajar bayanan marasa lafiya mai suna OpenMRS, wadda aka fara a 2004 don kula da bayanan masu ɗauke da cutar ƙanjamau a Eldoret ta ƙasar Kenya, sannan aka haɗa mata OpenELIS don ɗakin gwaje-gwaje da Odoo don lissafin kuɗi da kayan ɗakin magani. Amfanin haɗin a aikace shi ne: likita ya rubuta gwajin zazzaɓin cizon sauro, nan take ya bayyana a gaban mai gwaji, kuɗinsa ya bayyana a gaban mai karɓar kuɗi, sakamako ya dawo wa likita ba tare da an bai wa ɗan jinya takarda ya yi ta yawo da ita ba. Maganin da ya fita kuma ya ragu daga lissafin sito. A wurinmu wannan kaɗai ya toshe wata ɓaraka da muka daɗe muna zargi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke nuna an yi ta don irinmu. Tsohuwa ta zo ba ta san ranar haihuwarta ba, sai dai ta ce ta haifi ɗan fari shekarar da aka canza kuɗi. Bahmni tana karɓar kiyasin shekaru, ba ta tilasta wa mai kati ya ƙirƙiro rana. Ana ɗaukar hoton mara lafiya lokacin rajista, wanda ke raba gardamar masu suna ɗaya. Mafi girma duka, tana aiki a kan layin cikin gida: ko intanet ta ɗauke, nas da likita da mai magani suna ci gaba da aiki. Wanda yake Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa, ya san darajar wannan. Haka a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta rarrafe kwana da kwanaki.

Ba zan ɓoye wahalarta ba. Kyauta ce, amma kafa ta ba kyauta ba ne. Tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da ke kan Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, da wanda ya iya Linux ɗin da gaske, da sola da batir da za su riƙe ta dare da rana, domin ɗaukewar wuta kwatsam na iya lalata rumbun bayanai. Tsara fom-fom na awon ciki da na yara da jerin magunguna ya ci mana makonni. Ungozomarmu mafi daɗewa ta yi wata guda tana rubutu a takarda tukuna ta kwafa, sai da muka zaunar da wata matashiyar nas kusa da ita kafin hannunta ya faɗa.

Sauran manhajojin fa? OpenMRS zalla tana da kyau, amma kai za ka nemo mata lissafin kuɗi da sito. OpenEMR an ɗinka ta ne a kan tsarin inshorar Amurka, za ka sha rage mata tsawo. GNU Health kuwa samun wanda ya iya ta a kusa aiki ne. Epic da Cerner, wadda kamfanin Oracle ya saya a 2022, na manyan asibitocin ƙasashen masu kuɗi ne, kada ma ka ɓata lokacinka. Kamfanonin gida masu ajiye bayanai a intanet, irin su Helium Health na Legas, sun dace da wanda yake tsakiyar birni da intanet mai ƙarfi, kuma ya yarda da biyan kuɗi a kai a kai don ya huta da neman injiniya.

Yanzu ga abin da ya same mu da waccan manhajar ta farko. Wani matashi ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, baki kamar zuma, ya ce manhajar tasa ce, shi ya rubuta. Farashi da sauƙi, muka biya. Shekara ɗaya da rabi muna zuba bayanai. Ranar da muka ƙi amincewa da ƙarin kuɗin da ya yanka, sai muka wayi gari allo yana neman kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. A ranar akwai masu hawan jini da masu ciwon suga a layi, ba mu san adadin maganin da kowa yake kai ba, sai tambayar su muke yi launin ƙwayar da suke sha. Da ƙyar muka karɓo bayanan bayan dattawa sun sa baki, kuma a sigar da ba ta shiga wata manhaja, sai da aka sake bugawa da hannu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Saboda haka tambayata ta farko ga kowane mai talla ita ce: idan na fasa hulɗa da kai gobe, yaya zan fitar da bayanaina? Kada ka yarda da "babu damuwa, Alhaji". A gabanka ya fitar da su cikin fayil ɗin da Excel ke buɗewa, ka duba da idonka ko sunaye da magunguna da sakamakon gwaji sun fito. A rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan na asibiti ne, kuma babbar kalmar sirri tana hannun mai asibiti tun ranar farko.

Damfarar kala-kala ce. Akwai masu ɗauko manhajar kyauta, su cire tambarinta su manna nasu, su sayar maka a matsayin ƙirƙirarsu. Karɓar kuɗin kafawa da kulawa halal ne, ƙaryar ce matsala, kuma irinsu ba sa iya gyara idan ta tsaya. Akwai masu nuna maka wata manhaja mai suna DHIS2 su ce ita kaɗai ta isa komai. Waccan ta Jami'ar Oslo ce, kuma a nan an fi amfani da ita wajen tura alƙaluman wata-wata ga hukumomin lafiya, ba za ta riƙe maka sito da lissafin kuɗi ba. Abin da za ka tambaya shi ne ko manhajar za ta fitar maka da alƙaluman rahoton ƙarshen wata cikin sauƙi. Akwai kuma masu ɗora komai a kan Windows na sata da ba ya karɓar sabuntawa. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin gwamnati da dama a Ingila har aka soke ganin likita da tiyata, ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba. Idan ta yi musu haka, mu fa?

Sai batun sirri, wanda ba na wasa da shi. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan mara lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A unguwar da kowa ya san kowa, sakamakon gwajin aure guda ɗaya da ya fita zai iya rusa gida biyu. Manhajar da duk ma'aikata ke shiga da kalmar sirri ɗaya, ka guje ta. Mai karɓar kuɗi ba shi da hurumin ganin abin da likita ya rubuta.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce a kai ka asibitin da ya shekara yana amfani da ita. Ka je ba tare da mai tallar ba, ka yi hira da mai kati da nas ɗin dare. Sannan ka sa a zare wayar intanet a gabanka, a yi wa mutum ɗaya rajista har zuwa karɓar magani. Mu yanzu kullum bayan la'asar ana kwafe bayanai a faifai biyu, ɗaya yana kwana a wani wuri daban, ba cikin asibiti ba, kuma duk wata uku muna ɗora kwafin a wata kwamfutar don mu tabbatar yana buɗewa.