Kiɗan fiyanon Gabriel Dupont: jinya daga bakin mai ciwon

In aka zo maganar kiɗan fiyano na Faransa a farkon ƙarni na 20, sunaye biyu ne ke fita daga bakin kowa: Debussy da Ravel. Gabriel Dupont kuwa, wanda shi ma mai tsara kiɗa ne kamarsu, sai ka tona kafin ka same shi. Na sayi faifan da Marie-Catherine Girod ta kaɗa ayyukansa na fiyano, wata gwanar Bafaranshiya da ta daɗe tana kakkaɓe ƙura daga kiɗan da aka manta da shi, kuma tun da ya shigo hannuna ban koma kan wani ba.

An haifi Dupont a garin Caen a 1878, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Faris a hannun Massenet da Widor. A gasar Prix de Rome ta 1901, babbar gasar matasa masu tsara kiɗa a Faransa, ya zo na biyu, a gaban Ravel ma. Ba rashin baiwa ce ta binne shi ba ke nan. Tarin fuka ne ya kama shi tun yana saurayi, ya yi ta fama har ya rasu a farkon Agustan 1914 yana da shekara 36, a daidai kwanakin da Faransa ke kiran samarinta zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wa ke da sukunin tuna mutuwar makaɗi a irin wannan mako?

Abin da ya fi kama ni shi ne Les Heures dolentes, wato sa'o'in jinya, jerin kiɗa 14 da ya rubuta tsakanin 1903 da 1905 yana kwance. Kowane guda wani abu ne da majinyaci ke gani ko ji daga kan gadonsa: yamma tana shigowa ɗaki, rana a lambu, ruwan sama, yammacin Lahadi, zuwan likita, wata ƙawa da ta zo dubiya da furanni, mutuwa tana kewaye, daren da barci ya ƙi zuwa. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar ɗan'uwa zai gane wurin nan take. Mu masu lafiya muna shiga mu ce "sannu, ya jiki?" mu fita mu ci gaba da harkokinmu. Dupont ya nuna abin da ke faruwa bayan mun ja ƙofa.

Na likita gajere ne amma yana da nauyi. Sautin yana tafiya a ƙasa-ƙasa, a hankali, ba walwala a ciki, ka ji mutumin da ke jiran a faɗa masa abin da zuciyarsa ta riga ta sani. Na yara suna wasa a lambu ya fi taɓa ni. Hannun dama yana ta tsalle-tsalle da murna, amma Dupont ya ajiye shi nan da nan bayan na mutuwa, saboda haka ba ka jin wasan yaran a matsayin wanda ke cikinsu, sai a matsayin wanda ke jiyo su ta taga bai iya fita. Girod ba ta ƙara wa wurin hawaye ba. Ta bar yaran su yi wasansu da gaske, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. Ina ganin da ta ja shi ta rage masa gudu don a ji tausayi, da ta ɓata shi.

Na daren rashin barci shi ne mafi wuya ga makaɗi da mai sauraro duka. Zazzaɓi ne sosai, kiɗan yana hawa yana ruɗewa, yatsu na gudu daga wannan ƙarshen fiyano zuwa wancan. Bayansa sai na ƙarshe, mai suna natsuwa, wanda ban ji shi a matsayin warkewa ba, sai dai sauƙin da mara lafiya ke samu da asuba.

Ɗaya jerin, La Maison dans les dunes, wato gida a cikin tudun rairayi, guda 10 ne, ya rubuta shi a gaɓar teku a yankin Arcachon inda ya je neman iska mai kyau saboda huhunsa. Ya fi haske: jiragen ruwa masu filafilai, iska, taurari, igiyar ruwa. Yana da daɗi ƙwarai, kuma a nan aka fi jin ƙamshin zamanin Debussy. Ni dai na farkon ya fi zauna mini, don a cikinsa ne ba ya kama da kowa.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Les Heures dolentes ya kusa awa guda, kuma a tsakiya akwai guda ɗaya ko biyu, kamar na zaman gefen murhu, da suka fi kusa da kiɗan falo na zamaninsa, ba su kai sauran zurfi ba. Sannan ba kiɗan mota ba ne, ba kuma na kunnawa kana hira ba. Wuraren da sautin ya yi ƙasa sosai suna ɓacewa in akwai ƙarar fanka ko janareto. Sai da abin sawa a kunne, da dare, kuma a jere daga farko zuwa ƙarshe, don tsarin jerin shi ne rabin ma'anar.

Wani abu da zai ba ɗaliban adabin Larabci na wajenmu sha'awa: babban aikin Dupont na ƙarshe wasan opera ne, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, a kan Antara ɗan Shaddad, jarumin nan mai ƙasida cikin Mu'allaƙat, wanda ya gina a kan wasan kwaikwayon Chekri Ganem ɗan Lebanon. Bai ga an nuna shi ba, sai a 1921 aka sa shi a dandalin opera na Faris. Shi nake nema yanzu. Wanda kuma zai fara sauraron Dupont yau, ya fara da Les Heures dolentes, ya samu awa guda da ba mai kiransa.